Daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa Zuwa Ado Bayero Mall: Jagorar Mai Zuwa Buɗe Ido

Mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba baƙon kasuwa ba ne. Ya san awon tiya, ya san duba haƙorin bijimi, ya san lokacin da dillali ke ja masa rai. Sai dai akwai wata irin kasuwa da ta shigo manyan biranenmu wadda wannan ilimin bai cika aiki a cikinta ba: kantuna da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya, ga sanyin na'ura, ga fitilu da rana tsaka, ba tayi, ba "albarka", ba gyara. Mutanenmu da dama suna zuwa Kano su wuce ta bakin irin wannan wuri suna leƙe, sun ɗauka na masu kuɗi ne da 'yan boko. Wasu kuma sun shiga, ido ya ruɗe su, sun fito da aljihu a bushe da tarkacen da ba su da inda za su kai shi. Duka biyun asara ce. Wurin na kowa ne, kuma akwai abin koyo a cikinsa, amma yana da ƙa'idojinsa, kuma an gina shi ne musamman domin ya raba mutum da kuɗinsa cikin ruwan sanyi.

Wanda ya fi suna a kusa da mu shi ne Ado Bayero Mall da ke Titin Gidan Zoo a Kano, kusa da filin baje koli. An buɗe shi a watan Maris na 2014, aka sa masa sunan Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wanda Allah ya yi wa rasuwa a watan Yuni na wannan shekarar bayan ya riƙe sarauta tun 1963. Babban kantin da ya fara jan jama'a zuwa wurin shi ne Shoprite, kamfanin Afirka ta Kudu da ya fara buɗe reshe a Legas a 2005. Kamfanin ya sayar da harkarsa ta Najeriya ga 'yan ƙasa a 2021, sannan aka rufe reshen Kano a watan Janairu na 2024. Duk da haka sunan ya bi wurin, don haka in ka ce wa mai adaidaita sahu "Shoprite, Zoo Road", ya gane. Kantunan da ke cikin irin wannan gini haya suke yi, suna zuwa suna tafiya. Kafin ka ɗaura niyya saboda wani kanti guda da aka ba ka labari, kira ɗan'uwa ko aboki da ke Kano ya tabbatar maka yana nan. Akwai kuma manyan kantuna masu zaman kansu irin su Sahad da Jifatu da Grand Square, waɗanda tsarin sayayya a cikinsu duk ɗaya ne da abin da za a bayyana a nan.

Maganar tsaron hanya ita ce gaba da komai, kuma ba sai an yi wa ɗan wannan yanki dogon bayani ba. Ka fita da hantsi, bayan motoci sun fara kai da kawowa, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ta kwana. Na Ƙanƙara zai fito Marabar Ƙanƙara ya kama hanyar Malumfashi, ya bi ta Dayi da Gwarzo ya shiga Kano ta Rijiyar Zaki da Kabuga. Na Faskari zai biyo ta Sheme zuwa Funtuwa, na Sabuwa kuma ta Ɗandume, daga nan ko dai a bi ta Bakori da Malumfashi, ko a zagaya ta Giwa da Zariya a shiga birni ta Na'ibawa da Unguwa Uku. Wanda ya shigo ta Kabuga zai bi titin tsohuwar Jami'ar Bayero ya nufi Ƙofar Ɗan Agundi. Wanda ya shigo ta hanyar Zariya kuma gadar Dangi ce mahaɗarsa da Titin Gidan Zoo. Shawarata mai ƙarfi ita ce kada ka shirya zuwa da dawowa a yini guda. Ka kwana wajen dangi ko a masauki, ka kamo hanya da safe. Babu wani kallo a Kano da ya kai a yi tafiyar dare dominsa a hanyoyinmu.

A cikin birni babu acaɓa kamar yadda aka saba a gida, tun 2013 aka hana shi. Adaidaita sahu ne abin hawa. Ku yi ciniki kafin ka hau, ka kuma fayyace ko shata ka ɗauka ko za a haɗa ka da wasu fasinjoji, domin kuɗin ya bambanta sosai. Ka sa wayarka a aljihun gaba, kada ka riƙa latsa ta a bakin titi ko a cikin adaidaita, saboda masu ƙwace.

Ranar da ta fi dacewa da baƙo ita ce tsakiyar mako, tsakanin hantsi da la'asar, lokacin da wurin ba kowa sosai, ma'aikata kuma suna da sukunin amsa tambaya. Yammacin Asabar da Lahadi ana cika. Ranakun Sallah kuwa, sai dai in turmutsitsin ka je kallo. Wanda ke tare da yara ƙanana ko tsofaffi ya haƙura da waɗannan ranaku. Ka kuma tuna Kano tana da tsaftar muhalli a safiyar Asabar ta ƙarshen wata, inda ake taƙaita zirga-zirga.

Tun daga gida ka yanke adadin da za ka kashe, ka rubuta abin da kake so a takarda. Ka ware kuɗin motar komawa a wani aljihu dabam, kada ka taɓa shi ko da me ka gani. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 mutanen karkara da yawa sun saba da katin banki da tiransifa, kuma a waɗannan kantuna ana karɓar kati da tsabar kuɗi. Amma kati yana da haɗarinsa: ba ka jin zafin fitar kuɗi kamar yadda kake ji in kana ƙirga su da hannu. In kana iyawa, ka bar abin da ka yanke kawai a asusun da katin ke kai.

A bakin ƙofa za ka tarar da masu gadi. Za su iya duba but ɗin mota, su bi jikinka da na'ura, su leƙa jakarka. Kowa ake yi wa, har mai babbar riga da ya fito daga mota mai tsada, saboda haka kada ranka ya ɓaci. Wuƙar aljihu da sanda, a bar su a masauki. Shigarka ta gida ta wadatar: kaftani da hula, ko atamfa da hijabi, su ne dai abin da yawancin mutanen ciki suke sanye da shi. Yi sallama, shiga da ƙafarka kai tsaye. Ba dole ne ka sayi komai ba. Kana iya zagaye wurin gaba ɗaya, ka shiga kantin agogo ka tambayi kuɗi, ka ce na gode, ka fita. In ma'aikaci ya tare ka da Turanci, amsa masa da Hausa. Kano kake, da wuya a rasa mai jin ta a kusa.

Zagayen farko ka yi shi hannu sake, ba kwando ba keken zuba kaya. Ka ga inda banɗaki yake, ka tambayi inda ake salla, ka gane ƙofar da ka shigo. In kuna da yawa, ku ajiye wuri guda da za a haɗu in an rabu, ka kuma rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowane yaro. Daɓen wurin yana da santsi, a riƙe hannun tsofaffi. Jariri kuma a rufa masa zane, don sanyin na'ura yana iya yi masa yawa bayan zafin hanya.

Babban kantin kayan masarufi shi ne inda baƙo ya fi ruɗewa, don haka bari mu bi shi daki-daki. A bakinsa galibi akwai wurin ajiye jaka. Za a karɓi taka a ba ka lamba, ka adana ta da kyau. Ka ɗauki kwandon hannu in sayayyarka kaɗan ce. Keken nan mai faɗi, in ka jefa abu biyu a ciki sai ka ga kamar ba ka sayi komai ba, ka yi ta ƙarawa. Farashin kowane kaya yana manne a jikinsa ko a bakin kantar da yake kai. Ka karanta sunan da nauyin da ke jikin takardar farashin, ka gwada da na kayan da ke hannunka, domin masu saye suna ɗaukar abu su mayar da shi inda ba wurinsa ba. In ka ga an rubuta N4,999, ka karanta shi dubu biyar. An cire Naira ɗaya ne don ido ya tsaya a kan huɗu. Kayan da suka fi tsada su ake jerawa daidai ido, masu sauƙi sai ka sunkuya ko ka ɗaga kai. Alawa da cakulan kuma ana ajiye su a bakin wurin biya, daidai tsayin yaro, lokacin da uba ya gaji da cewa a'a. Ka yi wa yara alkawarin abu guda tun daga waje, ka tsaya a kansa.

Ɗauki gwangwanin madara ka juya shi. A ƙasansa ko a murfinsa za ka ga kwanan wata biyu. Wanda aka rubuta MFD ko MFG a gabansa shi ne ranar da aka yi kayan. Wanda ke da EXP ko BB shi ne ranar da wa'adinsa zai cika. A kayan Najeriya ana fara rubuta rana, sai wata, sai shekara, amma kayan Amurka suna fara wa da wata, saboda haka 03/10 na iya nufin uku ga Oktoba ko goma ga Maris. Ka nemi lambar NAFDAC a jikin abinci da magani da man shafawa. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, mayar da shi. In ka ga an yi wa kaya rangwame mai yawa, ko an ce sayi ɗaya a ba ka ɗaya, duba wa'adinsa kafin ka yi murna. Sau da yawa ya kusa cika ne. Kayan ci na ƙasashen waje, musamman alawa mai danƙo da naman gwangwani da wasu lemuka masu kama da na 'ya'yan itace, ka nemi tambarin halal a jikinsu, in ba ka gane rubutun ba ka tambaya ko ka bar shi.

A nan da kilo da giram da lita ake awo, ba da tiya ko kwano ba. Kilo ɗaya giram 1,000 ne. Kwali babba ba shi ne kaya mai yawa ba, rabin wani kwalin iska ce, don haka lambar nauyin za ka duba. In ƙunshin giram 500 da na kilo ɗaya suna gefe da gefe, ninka kuɗin ƙaramin ka ga ko babban ya fi sauƙi da gaske. 'Ya'yan itace da nama da kifi kuma, a kantuna da yawa akwai ma'aikacin da zai auna maka ya manna farashi a jikin ledar kafin ka je wurin biya. Kada ka buɗe kaya ko ka ɗanɗana kafin ka biya. Abin da yake al'ada a wajen mai ƙuli-ƙuli, a nan ana iya ɗaukarsa sata, kuma akwai kyamarori a ko'ina.

Wurin biya layi ake bi, babu tsallake na gaba ko da ka girme shi. Za ka jera kayanka a gaban kashiya, ita kuma ta riƙa goga zanen layukan da ke jikin kowane kaya a na'ura, tana yin ƙara, kuɗin yana fitowa a allo. Idonka ya kasance a kan allon. In farashin ya saɓa da wanda ka gani a kanta, faɗa nan take. In jimillar ta fi ƙarfinka, ka ce a cire kaza da kaza. Yau da kullum ana yi, babu abin kunya. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kayayyaki da dama tun 2020, za ka iya ganinsa a ƙasan rasit. In da kati za ka biya, duba adadin da aka danna a na'urar POS kafin ka sa lambarka, ka kare ta da tafin hannu, kuma kada ka karanta wa kowa ita don ya taya ka. Idan na'ura ta ce bai yi ba alhali an cire maka kuɗi, karɓi 'yar takardar da ta fito ka adana, ita za ka kai wa bankinka. Rasit kuwa kada ka yar da shi: mai gadi zai iya dubawa a ƙofar fita, kuma sai da shi ake karɓar ƙorafi ko canjin kaya.

To, me ya kamata a saya, me ya kamata a bari? A ganina mai hankali yana sayen abu uku a irin wannan wuri: abin da ake yawan yin jabunsa a kasuwa, kamar madarar jarirai da wasu mayukan shafawa da turare, kayan lantarki da ake ba da takardar garanti a kansu, sai 'yar tsaraba da ba a samu a gida. Kayan lantarkin ma, a gwada maka a gabanka, a cike takardar garanti a buga hatimi, kuma ka tambayi kanka ko wutar garinku ko solar gidanka za ta ɗauke shi. Firjin da ba wutar da za ta tayar da shi, akwati ka saya. Ayis-kirim da yogot da daskararriyar kaza, a ci a Kano ko a bar su, ba za su jure zafin mota har Sabuwa ba. Sauran sayayya mai nauyi tana da gidajenta. Atamfa da shadda da leshi na lefe, Kantin Kwari. Sukari da taliya da sabulu na katan-katan, Kasuwar Singa. Robobi da gwanjo, Ƙofar Wambai. Waya, Farm Centre ko Titin Beirut. A can bakinka zai yi maka aiki, kuma ba za a ɗora maka kuɗin haya da na janareta da na sanyin da ka sha ba, waɗanda duk suna cikin farashin kantin zamani.

Akwai layin da nake roƙon kowane manomi da kowace mai sana'ar gida su daɗe a gabansa, ko ba za su sayi komai ba: layin hatsi da garin kunu da kayan yaji. Masarar da ake lodawa a manyan motoci daga Ɗandume da Funtuwa, da waken suya da ake nomawa a gonakin Faskari da Sabuwa, irinsu ne ake sarrafawa su dawo cikin kwali mai hoto. Ɗauki kwalin, duba nauyinsa, lissafa kwali nawa za su fita daga buhu guda, sannan ka tuna nawa ka sayar da naka buhun da kaka. Wannan lissafi yana da ciwo, amma ya fi duk wani abin kallo da ke ginin amfani. Za ka kuma ga zuma a kwalba, da dakakken yaji, da garin ɗanwake, da kuka, da zoɓo, da ƙuli-ƙuli a leda mai tambari, da yawansu ƙananan masu sana'a ne suka yi. Ki duba, Hajiya, yadda aka liƙe bakin ledar, abin da aka rubuta a jiki, nauyi, ranar yi, ranar cikar wa'adi, lambar waya, lambar rajista. Yajin da kike dakawa bai gaza wannan ba. Abin da ya raba su tsafta ce wajen ƙullawa, da awo tsayayye, da rajista. In da hali, sayi ƙunshi ɗaya mafi ƙanƙanta ki kai gida ya zama abin kwatance ga ƙungiyar matan unguwarku.

Wajen cin abinci, ana fara biya ne sannan a karɓa, kuma farashin yana rubuce a allo. Ka tambayi abin da ke cikin faranti kafin ka ce a zuba. Wurin wasan yara ma da kuɗi ake shiga, kowane wasa da nasa. Tambayi na mutum ɗaya, ka ninka da yawan yaranka kafin ka amsa musu. An yi gidan sinima na Filmhouse a ginin Ado Bayero Mall, inda aka riƙa haska sababbin finafinan Kannywood. Mai sha'awa ya tambaya ko har yanzu ana haskawa, ya kuma tambayi abin da ake nunawa da lokacin tashi, don kada ya ci masa salla ko ya kai shi dare.

Hoto kuma, ɗauki naka da na iyalinka a farfajiya yadda kake so, amma a cikin kanti nemi izini tukuna. Kada ka ɗauki matan mutane, kada ka ɗauki masu gadi. Kuma ka dakata da ɗora hotunan a Facebook ko WhatsApp har sai ka koma gida lafiya. A halin da yankinmu yake ciki, ba kowa ya kamata ya san inda kake da abin da ka saya ba. Saboda wannan dalilin ne ma ya kamata ka juye kayanka daga ledojin kanti masu tambari zuwa cikin jakar bakko kafin ka je tasha.

Awa biyu ko uku sun ishe ka ganin komai. Ragowar yinin kada ya tafi a banza: gidan namun daji na Audu Baƙo yana kan titin guda, yara za su fi tuna shi fiye da kowane kanti. In kana da washegari, ga Gidan Makama kusa da fadar Sarki, ga marinar Ƙofar Mata, ga Kasuwar Kurmi da Dutsen Dala.

Wanda ya iya wannan na Kano ya iya na ko'ina. A Jabi Lake Mall na Abuja, wanda aka buɗe a 2015, abin da zai ƙaru kawai shi ne hawa bene da matakala mai tafiya da kanta: ka tsaya a bakinta, ka riƙe hannunta, ka taka tsakiyar mataki guda, ka tattare bakin riga ko zane ko hijabi don kada ta kama, in ka iso sama ka ɗaga ƙafa ka wuce ba tare da tsayawa ba. Wanda bai natsu da ita ba ya nemi lif ko matakalar ƙafa. Maniyyata ma za su tarar da irin wannan matakala da irin waɗannan kantuna a ƙarƙashin benen agogo da ke gaban Harami a Makka, inda guzurin alhazai da yawa ke ƙarewa tun kafin a fita Mina. In gidanku akwai dattijo ko dattijuwa da ke shirin sauke farali, a daure a kai su irin wannan kanti a Kano ko Abuja kafin tashi, a bar su su ɗauki kaya da hannunsu, su karanta farashi, su bi layi, su biya da kansu.